Agola, Ɗan Uba da Anti Amarya: Kalmomin Dangantaka a Gidajen GRA ta Gombe

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya yi kwas ɗin ilimin ma'ana ko na al'adun Hausawa ya san jadawalin nan na dangi da ake zanawa a allo: kaka a sama, uwa da uba a tsakiya, ɗa da jika a ƙasa, kawu da goggo da baffa da inna kuma a gefe. Jadawalin ba shi da laifi, sai dai ya ɗauka cewa mace ɗaya da namiji ɗaya ne suka haifi duk yaran gida, kuma suna tare har yau. Gidajenmu da yawa ba haka suke ba. Akwai gidan mata biyu zuwa huɗu. Akwai wanda uwar wasu yaran ta rasu ko ta fita. Akwai wanda amarya ta tare da ɗanta na wani gida, akwai kuma wanda ake riƙon ɗan wa ko 'yar ƙanwa. Wannan maƙala za ta dubi kalmomin da Hausa ta tanada domin irin waɗannan gidaje, da yadda ake amfani da su a unguwar GRA ta cikin garin Gombe.

Dalilina na zaɓar wannan unguwa shi ne, harsuna huɗu ne suke gogayya a bakin ɗan gida ɗaya. Masarautar Gombe ta Fulani ce, Buba Yero ne ya kafa ta a zamanin jihadin 1804, kuma hedikwatarta ta tashi daga Gombe Abba zuwa Nafada a 1913, sannan ta dawo inda take yanzu a 1919. Saboda haka Fulatanci yana da tushe a cikin kalmomin gida, ko da a bakin wanda ba ya jin sa. Hausa ita ce harshen kasuwa da titi da tsakar gida, ita ke haɗa Bafillace da Batangale da Batere da Bawaje da Babole. Larabci yana shigowa ta Islamiyya da kotu. Ingilishi kuwa ta makarantar boko yake shigowa, kuma ƙarfinsa ya ƙaru a tsohuwar GRA da sabuwa tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a ranar 1 ga Oktoba, 1996, ma'aikata suka taso daga Bauchi da iyalansu.

Kafin mu shiga, ya kamata mai karatu ya riƙe bambanci ɗaya. Akwai kalmar ambato, wadda ake faɗa idan ana ba da labarin mutum, akwai kuma kalmar kira, wadda ake faɗa masa a gaban idonsa. "Kishiyar uwa" kalmar ambato ce. Babu yaro mai tarbiyya da zai leƙa ɗaki ya ce, "Kishiyar uwata, ina kwana?" Yawancin abin da za mu gani a ƙasa yana cikin tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu.

Ɗan'uwa da ɗan uba

A ƙira, kalmomin nan biyu tagwaye ne: ɗa, da mahaɗin -n, da sunan mahaifi ko mahaifiya. A ma'ana kuwa sun yi hannun riga. Ɗan'uwa ya bar ma'anarsa ta asali, wato ɗan da uwa ta haifa, ya yalwata har ya rufe duk wanda jini ya haɗa ku, daga nan ya kai ga ɗan garinku da wanda kuke addini ɗaya. Har takalmi yana da ɗan'uwa. Daga gare shi aka sami 'yan'uwantaka, aka kuma ce ɗan'uwa rabin jiki. Ɗan uba kuwa ya tsaya inda yake, ga wanda kuka haɗa uba amma uwa kowa da tasa, sannan ya ɗauki wata ma'ana ta biyu, wato abokin hamayya. Idan aka ce ana 'yan ubanci a ma'aikata ko a jam'iyya, ba wanda zai tambayi ko uban su wa ake nufi.

Nahawu ma ya shaida cewa kalmomin ba su yi tafiya ɗaya ba. A dubi waɗannan misalai:

(a) ɗan'uwansa
(b) ɗan uwarsa
(c) 'yar'uwarsa
(d) 'yar ubansa

Uwa kalma ce ta jinsin mace, don haka mallakarta uwarsa ce. Amma a (a) mun ce ɗan'uwansa da -n, wato harɗaɗɗiyar kalmar ta dunƙule ta zama suna guda na jinsin namiji, uwar da ke ciki ta daina aiki a matsayin uwa. Idan muka ce (b), mun warware ƙullin ke nan, muna nufin ɗan da uwarsa ta haifa. To a dubi (d). Mace ake nufi, amma ba mu cewa 'yar ubarsa. Mahaɗin yana bin uba, ba ya bin 'ya. Ashe ke nan uban da ke cikin 'yar uba yana nan da ransa, kalmar ba ta narke ba. Wannan ne ya sa mutum zai ce, "Ɗan'uwana ne, uba muka haɗa," kuma babu wanda zai ji karo a cikin maganar. Ƙa'idar rubutu ma ta bi wannan: ɗan'uwa a haɗe, ɗan uba a rabe.

Ba Hausa kaɗai ke da wannan rabo ba. A harshen Bambara na ƙasar Mali, fa shi ne uba, ba ita ce uwa, den kuma ɗa. Daga nan suka gina fadenya, wadda ke nufin gasa da hamayya, da badenya, wadda ke nufin haɗin kai da ƙauna. Kalma da kalma, 'yan ubanci ne da 'yan'uwantaka. Ban ga alamar aro a nan ba. Abin da na gani shi ne, duk inda mata da yawa suke haihuwa da miji ɗaya, kuma dukiya da sarauta suke bin uba, to abin da 'ya'ya za su raba a wurin uba yake, abin da za su haɗu a kai kuwa a wurin uwa. Labarin Bayajida kansa a kan wannan ya ginu. Bagwariya ta haifi ɗa ta sa masa Karɓagari, Daurama ta haifi nata ta sa masa Bawo, wato a dawo da garin. Sunayen biyu habaici ne tsakanin iyaye mata, kuma a cikin labarin daga waɗannan 'yan uba ne aka sami rabon Hausa Bakwai da Banza Bakwai.

Saboda nauyin da kalmar ta ɗauka, da wuya ka ji ɗan GRA ya gabatar da wani da cewa ɗan ubansa ne. Zai ce wana ne, ko ƙanena ne. Sai an matsa masa da tambaya sannan ya ƙara da "babanmu ɗaya". Ranar da ka ji ya ce "ai ɗan uba ne", to akwai magana a ƙasa.

Ɗaki da gida

Kalmar da ta fi yi wa yara aiki a wannan fage ba ta cikin jadawalin dangi sam. Ita ce ɗaki. Yarinya za ta ce, "A gidanmu mu goma sha bakwai ne, a ɗakinmu mu biyar." Gida na uba ne, ɗaki na uwa. 'Yan ɗaki ɗaya su ne 'yan ciki ɗaya, waɗanda suka sha nono ɗaya. Fulatancin wannan yanki ma da ciki yake auna abin: deerɗiraawo, wato ɗan'uwa, daga reedu ta fito, ma'ana ciki.

Abin lura shi ne, ginin GRA ya canza, kalmar ba ta canza ba. A tsoffin unguwanni irin su Jekadafari da Bolari, ɗakin kowace mace yana kallon tsakar gida ɗaya, murhu ɗaya ake juyawa a kai, ana karɓar girki. A GRA kowace mace tana da sashenta mai falo da ɗakuna uku ko huɗu da kicin, wani lokaci ma gida guda ne na kanta a wani layi ko wata unguwa. Duk da haka ɗan da ya tashi a bene zai ce "'yan ɗakinmu". Ɗaki ya tashi daga bango da ƙofa ya koma sunan zuriyar mace ɗaya a cikin gidan mijinta. Wannan misali ne mai kyau na faɗaɗar ma'ana ga wanda ke neman abin rubuta jinga.

Sai dai raba gida ya taɓa wani abu. Inda ake cin tuwo a kwano ɗaya, yaro yana sanin ɗan ubansa kafin ya san kalmar. Inda kowace mace take da ƙofarta da maigadinta, akwai 'yan uban da ba sa haɗuwa sai ranar Sallah ko ranar suna. A irin waɗannan gidaje na fi jin "'yan gidan Hajiya" da "'yan can gidan", wato gida ya fara karɓe aikin ɗaki.

Agola

Agola shi ne ɗan da mace ta haifa da wani miji, ta zo da shi gidan sabon mijinta. Kalmar tsohuwa ce, tana cikin ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949, kuma ba ta bambanta jinsi: agola ne, agola ce.

Tambayar da ta dace da ɗalibin harshe ita ce, me ya sa ɗan mata ya sami kalma guda tasa ta kansa, amma ɗan miji bai samu ba? Matar da ta auri mai 'ya'ya sai dai ta ce ɗan miji, ko 'ya'yan mijina, ko ɗan kishiya. Duk bayani ne, ba suna ba. Haka nan mijin uwa da matar uba. Ingilishi yana da ɗafa-goshi guda, step, wanda yake liƙa wa kowa a wannan dangantaka ba tare da duba ɓangare ba, kuma asalinsa a tsohon Ingilishi maraici yake nufi. Hausa ba ta yi wannan daidaito ba, domin zaman ma ba daidai yake ba. Mace ce take tarewa a gidan miji, kuma ɗa na uba ne. Ɗan miji yana gidan ubansa, ba abin da ya same shi da ke buƙatar suna. Agola ne ya bar inda al'ada ta ajiye shi. Harshe yakan raɗa suna ne ga abin da ya fita daga sahu.

Shari'a ma ta taimaka wajen mai da shi baƙo. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu suke bi a sha'anin iyali, uwa ce ta fi cancantar renon ɗa bayan rabuwa, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Amma idan uwar ta auri wanda ba muharramin yaron ba, haƙƙin yakan koma ga kakarsa ta wajen uwa, sannan waɗanda ke biye. Ciyarwa kuwa tana kan uban da ya haife shi. Saboda haka zaman agola a gidan mijin uwa alfarma ce, ba haƙƙi ba, kuma kowa a gidan ya san haka, har yara.

A nan ne kalmar ta sami dafinta. A ƙamus ba zagi ba ce. A tsakar gida kuwa, ba a fito da ita sai faɗa ya yi faɗa. "Kai da kake agola" jimla ce da ba ta buƙatar ƙarashe. Shi ya sa gidajen da suka san ya kamata suke sakaya ta. Maigida zai ce yarona ne, ko ɗan wajen Hajiya ne, ko ɗan riƙona ne. Na ƙarshen nan ya fi ba ni sha'awa, domin ɗan riƙo, ko ɗan tallafi, asalinsa wani abu ne daban: yaron da aka ɗauko daga dangi da yardar iyayensa aka ba wata ko wani ya rena. Riƙo abin alfahari ne, ɗa na kowa ne. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ta yi aure huɗu ba ta haihu ba, amma ta tashi yaran riƙo, kuma ba ta rasa masu kiran ta uwa ba. Mutumin da ya kira agolansa ɗan riƙo ya ɗauke shi daga jerin wanda aka zo da shi ya sa shi a jerin wanda aka nema.

Larabci ya bi ta wata hanya. Kalmarsa ita ce rabibi, mace rabiba, daga tushen da ke nufin reno. Wato ya kalli abin da mijin uwa yake yi wa yaron, Hausa kuwa ta kalli inda yaron ya fito. Malaman Islamiyya sukan tuna wa ɗalibai cewa a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai rabibai: Hindu ɗan Abu Hala, ɗan Nana Khadija, da Umar da Zainab, 'ya'yan Ummu Salama.

A gefe guda, sunayen gargajiya ma suna riƙe da tarihin irin waɗannan gidaje. Talle shi ne wanda aka tallafa bayan rasuwar mahaifi ko mahaifiya, Korau wanda aka saki uwarsa tana da cikinsa, Sadau kuma wanda haihuwarsa ta mai da uwarsa ɗakinta. Ba a cika raɗa su a GRA yanzu ba.

Kishiya, da abin da yara ke kiran ta

Kishiya daga kishi take, da ɗafa-ƙeyar mace. Masu iya magana sun ce kishi kumallon mata, kuma karin maganar da aka jingina wa kishiya ba su ƙirguwa: "Allah suturi buƙui, in ji kishiyar mai doro." Larabawa suna ce mata darra, daga tushen da ke nufin cuta, tushen da ya ba mu larura. Mu ɗaliban harshe ma mun ari kalmar, muna cewa fari kishiyar baƙi ce. Saboda wannan kaifi ne aka ƙirƙiro abokiyar zama, wadda ita ce kalmar da mace mai kamun kai take faɗa a cikin mutane. A kira kuwa, amarya takan ce wa uwargida Yaya ko Adda, wato ta aro kalmar 'yan ɗaki ɗaya ta rufe kishi da ita. Mowa da bora, na tatsuniya, ba matsayin aure suke nunawa ba, matsayin zuciyar miji suke nunawa, kuma ba a faɗar su a gaban mai su.

Tsakanin kishiyar uwa da matar uba akwai ɗan siririn bambanci. Ta farko tana kallon matar ta idon uwa, ta biyu ta idon uba. A yadda nake ji, wanda uwarsa ke cikin gidan ya fi cewa kishiyar mamanmu, wanda uwarsa ta rasu ko ta fita kafin a auro wannan ya fi cewa matar babanmu.

Kira shi ne inda Gombe ta bambanta da Kano ko Zariya. A nan Bappa da Goggo da Kawu da Dada da Adda da Hamma da Yapendo kalmomin yau da kullum ne a cikin Hausar gari. A kan waɗannan aka ɗora Umma da Ummi da Ammi da Abba daga Larabci, sannan Momi da Dadi da Anti daga Ingilishi. Gida mai mata uku yakan raba kalmomin ne kamar yadda ake raba kwana. Na san wani gida a sabuwar GRA inda uwargida take Dada, ta tsakiya take Umma, ta ukun kuma Anti, kuma duk yaran gidan, har waɗanda Antin ta haifa, haka suke kiran su. Wato kalmar ba ta nuna wa ya haifi wa. Tana nuna wa ta riga wa shigowa, da kuma zamanin da ta shigo.

Wannan ba sabon abu ba ne. Alkunyar ɗan fari, wadda take da ƙarfi ga Hausawa ta kuma fi ƙarfi ga Fulani, takan sa uwa ta ƙi kiran sunan ɗanta, ta bar wa kaka ko kishiya renonsa. Yaro sai ya tashi yana ce wa kishiyar uwarsa Inna, yana ce wa wadda ta haife shi Adda, kamar yadda ya ji ƙannenta suna faɗa. Baƙon da ya dogara da kira don ya gane uwar yaro zai yi ɓatan kai.

Amma Anti tana da wani abu da sauran ba su da shi. Goggo 'yar'uwar uba ce, Yapendo ƙanwar uwa ce. Idan aka sa yara su kira matar ubansu da ɗaya daga cikinsu, an ba ta gurbi a cikin dangi, a ɓangaren uba ko na uwa. Anti ba ta da ɓangare. Ita ce malamar nazare, ita ce maƙwabciya, ita ce ƙawar yaya. A ganina wannan rashin ɓangare ne ya sa ta karɓu. Ta sauƙaƙa wa saurayi ɗan shekara 20 wanda ubansa ya auro mai shekara 24, domin bakinsa ba zai iya ce mata Mama ba, kuma kiran sunanta rashin kunya ne. Ta kuma kwantar da hankalin uwar yara, wadda ba ta son a raba mata sunan uwa da wata. Sai dai kalmar tana da tsada. Matar da ta shigo a Anti Amarya takan tsufa a Anti Amarya, har jikoki su taso su tarar da sunan. Idan kuwa uwar yaran ta rasu, ita ce ke wanka da kai asibiti da zuwa makaranta ranar ziyara, to tsayawa a kan Anti yakan zama katanga, kuma takan ji shi a ranta ko ba ta faɗa ba.

Agola kuma yakan bi 'yan gida ya ce wa mijin uwarsa Abba ko Dadi. Uban da ya haife shi sai ya koma mai laƙabin gari: Baban Kumo, Abban Bauchi. A lura da abin da ya faru a nan. Uban gaskiya ne ya koma mai buƙatar ƙarin bayani.

Inda kalma take zama hukunci

Duk wannan sakayawa tana aiki ne har ranar da aka zauna rabon gado ko aka zo neman aure. A ranar, Hausa takan ajiye ɗan'uwa ta ɗauko kalmomi uku na aro: shaƙiƙi, wanda kuka haɗa uwa da uba, li'abi, wanda kuka haɗa uba, da li'ummi, wanda kuka haɗa uwa. A lura cewa na ukun nan ba shi da kalma guda a Hausar gida, domin ɗan'uwa, wadda ita ce tasa ta asali, ta riga ta tafi yawon duniya.

Ga misali. Mutum ya rasu ba ɗa ba jika, ubansa da kakansa sun riga shi. Ya bar mata ɗaya, da uwa, da shaƙiƙi ɗaya, da li'abi ɗaya, da li'ummi ɗaya. Bayan an biya bashi da wasiyya, naira miliyan 12 ta rage. Mata tana da rubu'i, miliyan 3. Uwa tana da sudusi, miliyan 2, saboda akwai 'yan'uwa fiye da ɗaya. Li'ummi yana da sudusi, miliyan 2, bisa aya ta 12 ta Suratun Nisa'i. Ragowar miliyan 5 ta shaƙiƙi ce. Li'abi ba shi da ko kwabo, shaƙiƙi ya katange shi. To wane ne wannan li'ummi? Sau da yawa shi ne yaron nan da uwar mamaci ta zo da shi, wanda aka yi ta ce wa agola. Ɗan uban da suke ɗauke da sunan mahaifi ɗaya ya tashi hannu wofi, agola ya tashi da kaso.

Don haka maganar nan da ake yi cewa agola ba ya gado rabin gaskiya ce. Mijin uwarsa ne ba ya gada, sai dai in an yi masa kyauta tun da rai, ko wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba. Amma yana gadon uwarsa daidai da sauran 'ya'yanta, kuma abin da ta samu daga tumunin mijinta ya zama nata. Ta wannan hanya wani yanki na gidan GRA yakan isa hannun wanda aka ce ba ɗan gida ba ne.

A aure kuwa abin juyewa yake yi. Aya ta 23 ta wannan sura ta haramta wa mutum auren agolarsa muddin ya tare da uwarta, aya ta 22 kuma ta haramta wa ɗa matar ubansa. Amma agola da 'yar maigida ta wani ɗaki ba su haɗa uwa ba, ba su haɗa uba ba. Sun tashi suna Hamma da ƙanwa, ana kai su makaranta a mota ɗaya, amma aure ya halatta a tsakaninsu, kuma hukuncin hijabi yana hawa kansu idan sun balaga. Hausa ba ta da sunan wannan dangantaka ko kaɗan, sai dai a ce tare suka tashi. Abin da kan canza hukuncin shi ne nono. Idan wata matar maigida ta shayar da agolan kafin ya cika shekara 2, ya zama ɗanta kuma ɗan maigida ta fuskar shayarwa, duk 'ya'yan maigida na kowane ɗaki sun haramta gare shi, ko da yake shayarwa ba ta jawo gado. Shi ya sa tsofaffin mata suke riƙe da lissafin wa ya sha nonon wa, kuma su ake fara tambaya kafin a karɓi goro.

Sunan da ke kan takarda

Akwai wuri na ƙarshe da GRA ta fi tsoffin unguwanni shiga matsala, wato fom. A da, yaro sunansa ɗaya, sai laƙabi ko sunan gari. Makarantar boko tana son sunan mahaifi tun daga nazare, kuma wanda ke biyan kuɗin makaranta shi ke cika fom. Mijin uwa mai kyakkyawar niyya, wanda ba ya son yaro ya ji shi daban a cikin 'yan'uwansa, sai ya rubuta sunansa. Aya ta 5 ta Suratul Ahzabi ta yi umarni a kira irin waɗannan yara da sunan iyayensu, kuma a kan haka ne Zaidu ya koma ɗan Harisa bayan an daɗe ana jingina shi ga Annabi. Ban da hukuncin addini, akwai na ofis. Tun daga 2021 hukumar JAMB ta wajabta lambar NIN ga mai neman shiga jami'a, saboda haka yaron da takardar haihuwarsa take ɗauke da sunan uba, ta firamare kuma da sunan mijin uwa, sai ya bi ta kotu ya yi rantsuwa kafin sunayen su daidaita. Wasu yaran a wannan layin ne suke fara jin cikakken labarin kansu.

Fom ɗin banki da na aiki kuma suna da gurbin da Ingilishi ya kira next of kin, wanda mutane da yawa suke fassarawa da magaji. Fassarar ba daidai ba ce, kuma ta sha haddasa rigima tsakanin ɗakuna. Wanda aka rubuta a wannan gurbi shi ne wanda za a fara tuntuɓa idan wani abu ya faru. Rubuta sunansa ba ya mai da shi mai gado, ba ya kuma hana sauran magada haƙƙinsu. Ma'aikaci yana iya sa sunan amaryarsa, ko babban ɗansa na ɗakin uwargida, ko ma agolansa idan shi ne ya fi kusa da shi, rabo kuwa yana nan yadda shari'a ta tsara. Mai fassara fom zuwa Hausa ya fi dacewa ya rubuta "wanda za a tuntuɓa" ko "makusanci", ya bar magaji ga alƙali.